Tsakar Gidan Siminti

Karo na uku ke nan Rakiatou ta haihu ɗan bai zo da rai ba. Na farko an ce ƙaddara, na biyu an ce iska. A na uku mutane suka rasa abin cewa, sai suka koma kan ƙaddara.

Bayan an binne jaririn, mijinta Maazou ya kai ta asibiti, tare da gwaggonsa Koubra, wadda ta karɓi haihuwar a ɗakinsu na haya a unguwar Mahdiya, can ƙasar Larabawa. Maazou ne ya yi tafinta, da Larabcin da ya koya wurin aikin gini. Yawancinsa na neman a miƙo bulo ne, amma ya yi.

Likitar ta ɗebi jinin Rakiatou. Ta tambaya ko za a yarda a binciki gawar. Maazou ya ce an riga an binne, kuma ko da ba a binne ba. Ta ce ta sani, kowa haka yake ce mata.

"Da mabiyiyar tana nan, da mun duba," in ji likita. "Sau da yawa a jikinta ake gano dalili. Amma na san kun binne."

"Me ta ce?" in ji Koubra.

"Wai kun binne mabiyiya, Gwaggo."

Koubra ta ja tsaki. "A ina? Gaya mata wani gwani ya malale tsakar gidan da siminti, bango zuwa bango."

Maazou ne gwanin. Bai fassara wannan ba.

A garinsu wanke mabiyiya ake yi, a binne ta a bayan ɗaki. Koubra ta zagaye gidan da fartanya ba ta sami ƙasa ko tafin hannu ba, a bakin titi kuwa akwai karnuka. Sai ta ƙulle ta a leda, ta rufe a kwano, ta ba Haroun mai shago ajiya a firigonsa na sanyaya lemo, kafin Juma'a a kai ta wata gona a Wadi Bawanis. Haroun bai tambayi abin da ke ciki ba, ya tambaya dai ko zai zuba.

Da Maazou ya gaya wa likita inda take, sai ta cire tabarau. "A wurin ƙanƙara ko a ƙasa?"

"A ƙasa, gefen lemo," in ji Maazou.

"A kawo ta yanzu."

Koubra ta gyara zama. "Ba a bayar da ita. Abokiyar tafiyar yaron ce, ba naman kasuwa ba."

Rakiatou ta ɗago kai.

"Gwaggo, mabiyiya biyu kika binne mini daidai, da wanki da addu'a. Ba su gaya mana komai ba. Ina son in goya ɗa."

Koubra ta daɗe tana kallon fankar da ke sama. Daga nan ta ce a yanki kaɗan, a dawo mata da saura, kuma da kwanonta.

Aka aika abin da aka yanka zuwa Tarabulus, saura aka binne shi a gindin dabino ranar Juma'a. Da sakamakon ya dawo, likita ta ce jini ne yake daskarewa a jijiyoyin mabiyiyar, har abinci ya daina isa ga ɗan, kuma gwajin jinin Rakiatou ya nuna daga inda abin yake. In ta sake samun ciki, akwai ƙwaya da allura kullum, haihuwa kuma a asibiti. Ba ta yi alkawarin komai ba. Maazou ya nemi ya ƙara alkawarin a fassara, Rakiatou ta ce ya faɗi abin da aka ce kawai.

Yanzu cikinta ya tsufa, abin da ke ciki yana shuri. Koubra ce ke yi mata allurar kowace safiya, tana mitar cewa a zamaninsu ba a yi haka ba. Ta kuma sa Maazou ya fasa simintin bayan ɗakin da hannunsa, daidai faɗin kwano. Ta ce wannan karon a gida za a binne, bayan likita ta gama kallonta.