Madacin Gidan Hajiya Gumsu

Tun kafin motar da ta ɗauko shi daga Azare ta shiga cikin Katagum, Gali ya hango madacin da aka kira shi ya sare. Ya zarce kowane rufi a unguwar masunta, ya sha lulluɓi da igiyoyin dafara da yaɗiya tun daga gindi har ƙoli, kore shar, sai ka rantse da ransa. Amma Gali ya shekara goma sha biyu yana hawa bishiyoyi yana sauke su gunduwa-gunduwa, ya san koren nan na aro ne. Igiyoyin sun shaƙe madacin ya mutu a tsaye, gara ta cinye cikinsa, ya karkata kan wani ɗakin ƙasa mai rufin azara, ga damina ta ƙarato da iskarta.

Abbas, mai gidan, ya tare shi a zaure da hannu mai kaushin igiyar taru.

"Mutum biyu na kawo kafin kai," in ji shi. "Kowa ya ce sai an rushe ɗakin Iya a sami inda za a kayar da shi. Na ce zan gina mata na siminti, ta ƙi."

"Gaya masa dalili mana," wata murya ta ce daga tsakar gida. Hajiya Gumsu ce, mahaifiyarsa, tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin. "Ubanka da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar nan shekarar da muka zo daga Gashuwa. A ciki na haife ka. In rushewa kake so, ga naka can." Ta juyo ta ƙare wa Gali kallo. "Kai ne birin Azaren?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ba ka da nama ko na miya. Iska ba za ta tafi da kai ba?"

"Shi ya sa nake ɗaure kaina."

Ya leƙa ɗakin. Duhu ne ciki, da ƙamshin tsohon turaren wuta, da jeren tasoshi har sama. Sai ya ji bakinsa ya riga shi: ko ɓarɓashin yaɓe ba zai faɗo ba, in Allah Ya yarda. Hajiya ta ce to, tunda haka ne ko cokali ba za ta fitar ba. Tabarmarta kaɗai ta bari aka ja mata zuwa zaure.

Ya ɗaura ɗamararsa, ya rataya adda da ƙaramin injin yankan itace, ya yi bismillah ya hau. Hantsi guda bai taɓa reshe ko ɗaya ba, dafara kawai yake sara, domin reshen da igiya ta riƙe ba ya faɗuwa inda ka so, inda ta so yake zuwa. Cinnaku suka yi masa rubdugu a wuya, ruwan yaɗiya ya danƙare masa a yatsu. Duk inda ya buɗe sai ga sararin sama, sai ga kogi can yana walƙiya kamar an shimfiɗa sabon kwano. Nan ne zuciyarsa take sakewa, a inda babu kowa sai shi da shirwa.

Ƙananan rassan suka sauka lami lafiya ta gefen fili. Saura babban, mai kaurin gangar mai, wanda ya miƙe daidai kan rufin. Gali ya ɗaure shi da igiya mai kauri, ya ratsa ta ta wata gwafa a sama, ya jefa bakinta ƙasa, aka naɗa ta sau biyu a jikin tsamiyar tsakar gida. Masunta shida suka riƙe, Abbas a gaba, dattijonsu Malam Yelwa a baya.

"In na yanke, nauyi zai zo muku," Gali ya ce daga sama. "Ku riƙa sake mata a hankali. Kun ji?"

"Mu za ka koya wa igiya?" wani ya ce, aka yi dariya.

Inji ya yi kuka, reshen ya yi ƙara ya rabu da uwarsa. Da nauyin ya bugi igiyar, sai hannuwa goma sha biyu suka yi abin da suka saba tun suna yara a bakin kogi duk sa'ad da taru ya yi nauyi: suka kafa dugadugai suka danne da baya, baki ɗaya. Maimakon ya zame gefe ya sauka, reshen ya fizgu ya juya, gindinsa ya goge wa Gali kafaɗa, kansa ya afka cikin wata dafarar da ta ɓuya a ganye. Ya tsaya yana lilo, taku ɗaya tsakaninsa da rufin. Gwafar da ke sama ta fara tsagewa, Gali yana jin ƙararta a cikin haƙarƙarinsa.

Bai yi tsawa ba. Ya san in ya yi, za su ƙara ja.

"Malam Yelwa," ya kira. "In giwan ruwa ya haɗiye ƙugiya ya zabura, ja kuke yi?"

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi reshen, ya dubi igiyar. Kunya ta rufe shi, sannan ya yi murmushi.

"Ku cire hannuwanku, 'yan banza," ya ce wa sauran. "Wannan ba taru ba ne. Abbas, har kai."

Suka saki ɗaya bayan ɗaya, ya rage shi kaɗai da naɗin tsamiya. Gali ya ƙara tsawon igiyar ɗamararsa, ya rarrafa kan wani busasshen reshe da ko akuya ba zai amince wa ba, har ya iso dafarar. Kafaɗarsa na zafi kamar an ɗora garwashi. Sara ɗaya, biyu. A na uku ta tsinke.

Reshen ya zabura. Malam Yelwa ya ba shi igiya, ya ɗan tauye, ya sake ba shi, yatsunsa na wasa a kanta yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Katon itacen ya shawagi bisa rufin, ganyen yaɗiyar da ke jikinsa kawai ya share shi, ya wuce katanga, ya kwanta a fili a hankali har ƙura ba ta tashi sosai ba.

Guɗa ta ɓarke daga gidajen maƙwabta, inda mata suke leƙe ta kan danga. Gali ya kifa goshinsa a jikin madacin, ya ji hawaye na bin gumi, bai damu ya share ba.

Daga nan aiki ya zama wasa. Malam Yelwa ya ƙi ba kowa igiyar, yana ta gorin cewa a tsufansa ya kama kifin da ya fi na kowa. Kafin la'asar sakaliya gangar jikin ta sauka guntu-guntu, kututture kaɗai ya rage.

Hajiya Gumsu ta taso da sandarta. Ta zagaye ɗakin tana shafa bango da tafin hannu, kusurwa bayan kusurwa. Ta dawo ta tsaya gaban Gali.

"Durƙusa, ka yi mini tsawo."

Ya durƙusa. Ta ɗora masa hannu a ka, ta daɗe tana sa albarka. Sannan ta ɗaga labule ta shiga. Rana ta bi ta ƙaramar tagar da ta shekara ashirin a inuwa, ta zube kan tasoshin.

"Abbas," ta kira daga ciki. "Ashe haka yanar gizo ta cika mini ɗaki ba wanda ya gaya mini? Miƙo tsintsiya."