Kujeru Biyu a Watan da Bai Kama Ba

Shekarar da Yaya Wietske ta ajiye aikin koyarwa muka sayi tikitin nan na wata guda, wanda za ka yi ta hawa jiragen ƙasa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Tana da shekara sittin da shida, ni sittin da biyu. Tekun kudancin Faransa take son gani.

Komai ita ta tsara, har burodi da cukun da za mu ci a hanya. Aiki ɗaya ta ba ni: in kama mana kujeru a jirgi mai gudu daga Paris zuwa Marseille da ke bakin tekun, don shi tikiti kaɗai bai isa a hau shi ba.

Mun baro garinmu Leeuwarden lafiya, mun kwana a Paris. Da hantsi, a bakin jirgi, mai duba tikiti ya kalli takardata ya yi murmushi.

"Mama, kujerunku masu kyau ne, gefen taga. Amma na sha biyu ga Yuli ne. Yau sha biyu ga Yuni."

Yaya ta juyo a hankali. "Geertje. Abu ɗaya na sa ki. Ɗaya tak!"

"To ai kin ji, gefen taga ne."

"Rufe mini baki, tsohuwar banza."

A wurin sayar da tikiti wata mata ta ce wuraren masu irin tikitinmu sun cika har kwana uku. Amma ƙananan jirage ba ruwansu da kama kujera, hawa kawai ake yi a zauna. Ta rubuta mana a takarda garuruwan da za mu canja jirgi.

Taragon da muka shiga kusan ba kowa, sai wani dattijo da karensa kwance a kan takalmansa. Yaya ta zauna nesa da ni, ta rungume jaka. Jirgin kuwa kamar mai jin barci, ko wace ƙaramar tasha sai ya tsaya ya huta. Gonakin alkama suka wuce, sai gonakin inabi suka fara hawa tuddai layi-layi. Rana ta zubo ta taga, ɗumi-ɗumi, ƙura tana yawo a cikinta. Ban san lokacin da Yaya ta matso ba, nauyin kanta kawai na ji a kafaɗata.

Ni ma na shiga tsakanin barci da farke. Ina ganin mace tana shanya fararen zannuwa a bayan gida, sai in ga kamar mahaifiyarmu ce. Ina jin ƙarar ƙafafun jirgi, sai ta koma ƙarar kekunanmu a kan gadar katako, muna 'yan mata, Yaya a gaba, gashinta yana tashi.

Wajen la'asar jirgi ya tsaya a wani ƙaramin gari, Tournus. Yaya ta buɗe ido ta daɗe tana kallon hasumiyar coci a kan jajayen rufin gidaje.

"Na yi mafarkin gidanmu na da," ta ce. "Amma ruwa ne a falo, muna yawo a kwalekwale, ba wanda ya damu." Ta miƙe. "Ɗauko jakarki."

"Nan ba ya cikin takardar, Yaya."

"Ke ce za ki koya mini bin takarda?"

Muka sauka. Muka bi wani siririn titi mai ƙamshin burodi har ya kai mu bakin kogi mai faɗi, ruwansa kore, kamar ba ya tafiya. Wani mutum yana kamun kifi yana gyangyaɗi. Muka zauna a kan dutse muka cinye sauran cukunmu.

A wani ƙaramin masauki, matar gidan ta tambaye mu kwana nawa za mu yi.

"Ba mu sani ba tukuna," in ji Yaya.

Huɗu muka yi. Ɗakinmu yana kallon kogin, kuma kullum da safe hasken ruwa yana rawa a saman ɗaki, mu kuwa muna kwance muna kallonsa har shayi ya huce.