Bangon Gunborg

Mu biyu Baba ya haifa, kuma dukanmu da burushi muke cin abinci. Ni Torvald, gidajen mutane nake shafa wa jan fenti. Yayata Gunborg kuwa mai zane ce. Shekara huɗu ta yi tana karatu a Stockholm, sannan ta dawo garinmu na bakin kogin Ångerman. Katunan Kirsimeti da littattafan yara ne ke ciyar da ita: 'yan tsofaffi masu jar hula, akuya, kwanon kunun shinkafa. Ta tsane su. Takan ce, "Hulunan da na zana sun ishi ƙasar nan kaf ta rufe kunne."

Aiki ɗaya take alfahari da shi, bangon zauren ƙungiyar ma'aikatan katako. Shekara biyu ta yi a kan tsani tana zana mutum ashirin da uku, kowa da fuskarsa ta gaske. Baba na tsakiya, ya ɗaga hannunsa na dama mai yatsu biyu, domin sauran ukun zarto ya cinye su. Ranar da aka buɗe, Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kin ƙara mini hanci." Amma bai yarda ya cire hannun daga aljihu ba sai da muka isa gida.

Bayan shekara ashirin aka rufe masana'antar katakon. Baba ya rasu. Zauren ya koma wurin haya, na biki da rawa. Wata safiya shugaban kwamitin zauren, Evert Näslund, ya tare ni a bakin kanti.

"Torvald, amare suna ƙorafi. Wa zai yanka kek yana kallon dungulmi? Farin fenti muke so a bangon nan, shafi uku."

"Ka san wanda ya zana shi kuwa?"

"Haba, ni ma kawuna na ciki. In ba ka so, akwai wani mai fenti a garin Kramfors."

Na karɓa. Na ce wa kaina gara ɗan gida da baƙo. Gaskiyar ita ce tun ƙuruciya nake jin ana cewa "ƙanen mai zane", kuma wannan ne karo na farko da aka zo nemana a kan aikinta.

Ban gaya mata ba, amma a garinmu magana ba ta kwana. Ranar Litinin ina cikin motsa fenti sai ga ta, da filas ɗin kofi da kujerar ninkewa. Ta zauna a tsakiyar zauren, ta ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Yaya, don Allah ki tafi gida."

"Ci gaba da aikinka, maigida. Na zo koyon sana'a."

Na fara daga gefen hagu. Duk wanda na rufe sai ta kira sunansa, kamar mai kiran rajista. "Helmer Bylund. Ya sha wuya da huhu. Shafa da kyau." Fenti na ɗiga a takalmina.

"Kana cika burushi da yawa," in ji ta. "Tun kana yaro haka kake, ko man shanu kake shafa wa burodi."

Da na iso kan Baba sai na kewaye shi, na wuce na gaba.

"A'a. Koma."

"Zan roƙi Evert a bar wannan."

"A bar shi shi kaɗai, yana ɗaga wa amare hannu? Ba shi kaɗai ya tsaya a gaban zarton ba. Rufe shi."

Na rufe shi. Yatsun suka riƙa fitowa ta ƙarƙashin farin, sai a shafi na uku suka ɓace. Kwana uku tana zuwa, ba ta taɓa zuba mini kofin ba.

Evert ya yaba aikin, har ya ba ni fentin ɗakin girki.

Gunborg ta ƙara shekara tara a duniya. Muna gaisawa a coci da kanti, tana tambayar lafiyar matata. Ba ta sake taɓa babban zane ba. Da ta rasu, jaridar lardi ta ba ta layi shida, ta kira ta "mai 'yan jajayen huluna da ta faranta ran yara". Ni aka aiko wa takardar in duba ko akwai gyara kafin a buga. Na gyara shekarar haihuwarta, na mayar musu.