Ramin da Ban Huda Ba

Ban huda ramin fitar ruwa a gindin bututun ba. Kuskuren ke nan, kuma nawa ne.

Ni mai walda ne. Shekara bakwai da suka wuce aka ba ni aikin shingen ƙarfe a wurin shaƙatawa na kan dutse, can ƙololuwa inda mutane ke tsayawa su leƙa kwari. Matakala ɗari huɗu da sha biyu ake takawa kafin a kai, mota ba ta zuwa. Daga can kogi kamar zare yake, gajimare kuma a ƙasan ƙafarka. Na dasa ƙafafun bututu talatin da shida a siminti, na toshe kawunansu, na shafe su da fenti. A gari haka muke yin ƙofa da taga, ba mai huda komai, kuma ba abin da ke faruwa. Ban san a kan dutse raɓa tana shiga ƙarfe ta kowace 'yar kafa ta kwanta a ciki ba.

Shekara bakwai ina cika wa matata baki da wannan aiki. Ranar wata Alhamis ta yafa mayafinta ta ce yau sai ta gani da idonta. Muka hau. Duk matakala hamsin sai ta zauna tana haki.

"Malam, in kashe ni kake so, ai da ka yi a gida, ƙasa ta fi kusa."

Muka kai sama. Ta taka a hankali zuwa bakin dutsen, ta ɗora hannuwa biyu a kan shingen ta jingina. Matata ba ƙaramar mace ba ce. Na ji ƙarfen ya yi wani ɗan kuka. Mutum goma na wurin suna ɗaukar hoto, ba wanda ya ji sai ni.

Na fizgo ta baya.

"Lafiya? A gaban mutane?"

Na durƙusa na ƙwanƙwasa gindin bututun da makulli. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wannan kuwa kamar ka bugi jiƙaƙƙen kwali. Na danna makullin, sai ya nutse. Jan ruwa ya tsiyayo ta ramin, yana warin tsatsa. Na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Guda tara ne kawai suka amsa mini. Sauran fenti ne ke riƙe da su.

Ofishin manaja yana ƙasa, kusa da ƙofar shiga. Ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya, an liƙa hoton ƙololuwar a bango, ga shingena a ciki yana ƙyalli. Na gaya masa ni na yi shingen, na kuma faɗa masa abin da na gani.

Ya ce, "Bara aka sake masa fenti."

"Ranka ya daɗe, fenti ba ya riƙe mutum."

"Jibi Asabar motocin 'yan makaranta shida za su zo. Ka san yadda aka yi na samo su? Za mu ɗaura igiya a gaba. Bayan hutu sai a duba."

"Ka taɓa ganin yaron da igiya ta tsayar?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Bawan Allah, wa ya aiko ka? Wanda ya ba ka aikin ya bar nan tuntuni. Ba wanda ya san kai ka yi. Ka ja matarka ku tafi gida."

Na ce ni na sani.

A hanya matata ta ce, "Na san wannan fuskar. Me za ka aikata?" Na ce aiki zan yi.

Washegari da sassafe na dawo da zarton ƙarfe da guduma a buhu. Dattijon da ke gadin ƙofa ya gane ni, don shi ke ajiye mini kaya a wancan lokacin.

"Mai walda, da izinin wa?"

"Baba, jikokinka suna hawa can?"

Ya buɗe ƙofar ya juya baya yana gyara rediyonsa.

Aikin da ya ci mini wata biyu, kafin azahar na kwantar da shi. Wasu ƙafafun ma ba su jira zarto ba, guduma ɗaya suka faɗi. Na ja ƙarafan gefe na tara. Bakin dutsen ya koma tsirara, yadda ko mahaukaci ba zai kawo yara ba. Abin da nake so ke nan.

Manaja ya hawo da kansa, rigarsa sharkaf da gumi. Ina jin rabonsa da ƙololuwar ya fi shekara. Ya yi ta masifa, ya ce 'yan sanda, ya ce kotu. Na bar shi ya gama. Sai na ɗauko guntun bututu na sa masa a hannu na ce ya matsa. Ya matsa, ƙarfen ya ruguje a tafinsa. Ya dubi hannunsa, ya dubi inda dutsen ya ƙare, ya ja da baya taku biyu.

"To ka ji. Kai ka rusa, kai za ka gina. Ko ƙusa ɗaya ba za mu ba ka ba, ko lebura ɗaya."

"Ban roƙa ba."

Aka sa kwaɗo a hanyar sama, aka mayar da 'yan makarantar lambun ƙasa wajen kogi.

Na rufe shagona. Na sayo sabon bututu mai kauri, na yanka, na fara hauwa da shi a kafaɗa, biyu-biyu. Siminti rabin buhu nake ɗauka. Janareta da injin walda ƙanen matata ya kama mini, muka rataya su a sanda. A matakala ta ɗari biyu ya ce, "Yaya, da na san haka za a yi da ban ba ka 'yar'uwata ba." Na ce ba shi ya ba ni ba, ya ɗaga sanda.

Sau biyar nake hawa a rana. A mako na biyu gwiwata ta dama ta fara kumbura. Matata tana gasa mini ita da ruwan zafi tana faɗa.

"Ka ɗauki masu dako mana! Taurin kan nan naka ya fi ƙarfen da kake ɗauka."

Na ce masu dako ba su ne suka manta rami ba. Ta ce gwiwar ma ba ita ta manta ba. Na ɗaure ta da tsumma na koma.

Kowace ƙafa na huda mata rami biyu, yatsa uku sama da siminti, na zuba baƙin mai a ciki kafin na toshe kai. Da na gama na kira mai gadi na nuna masa ramukan, na ba shi guntuwar waya. Na ce duk bayan ruwa ya zura ta, kada ƙasa ta toshe su, kuma duk mai fentin da ya shafe su ya kore shi. Sannan na ja da baya na rugo na daki shingen da dukkan jikina. Ya yi ƙara, bai motsa ba.

Mako biyar da kwana uku ke nan. Ranar da nake saukowa da injin walda a bayana, saura matakala sittin, gwiwar ta yi ƙas. A bargon mai gadi aka sauko da ni.

Likita ya duba hoton ƙashin ya ce abin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ba ya dawowa. Yanzu a zaune nake walda, sandata a jingine da bango. Matakala uku na ƙofar gidana sai na huta a ta biyu.

An buɗe ƙololuwar. Matata ta sake hawa, ta jingina da shingen, ta sa aka ɗauke ta hoto ta kawo mini. Ni ban sake ganin wurin ba, kuma ba zan sake ba.