Saƙon Jafaru na Ƙarshe

Ranar da Ramlat ta fita takaba, ko gidan 'yan uwa ba ta leƙa ba. Kai tsaye ta nufi unguwar Mokola, shagon Zaharadeen mai gyaran waya, da memorin wayarta ƙulle a bakin mayafi.

Mijinta Jafaru ɗan dako ne a Kasuwar Bodija. Safiyar da motar albasa ta yi baya ta danne shi, ya turo mata saƙon murya. Tana tuyar ƙosai a lokacin, ta ce sai ta sauke za ta saurara. Kafin ta sauke labari ya iso, wayar ta suɓuce cikin mai. Memorin kawai aka ciro. Ƙaramar wayar da ta ara ta ƙi buɗe saƙon. Wata huɗu da kwana goma tana ɗaki, ba ta san abin da ya ce mata ba.

Zaharadeen ya sa memorin a kwamfuta.

"Anti, saƙon lafiyarsa lau. Opus ake ce wa irinsa. Na kowa ne, ba a biyan masu shi, shi ya sa WhatsApp ke aiki da shi. Ƙwaƙwalwar wannan wayar taki ce ba ta san shi ba. Sai na juya shi zuwa MP3."

"Ni dai in ji shi."

Ya danna. Hayaniyar Bodija ta cika shagon, ana ciniki da Yarbanci, wani baro na ƙara. Sai komai ya yi tsit, kamar an rufe ƙofa. Muryar Jafaru ta fito, kusa da ita sosai.

"Ramlatu, kin fito? Sannu da takaba. Kin rame."

Zaharadeen ya janye hannu daga kwamfutar. Ya duba kwanan watan saƙon, ya sake dubawa. Ranar rasuwar ce, ƙarfe tara da minti shida na safe.

"Anti... wa ya taɓa memorin nan?"

"Ba wanda ya taɓa."

Ta daɗe a tsaye tana duban wuyan hannunta, inda awarwaro ke zamewa.

"In juya miki shi?" ya tambaya da ƙyar.

"In ka juya, muryar za ta canja?"

"Kaɗan yakan zube. Kunne ba ya ganewa."

"Bar shi yadda ya turo," in ji ta. Ta jawo benci ta zauna. "Sake kunnawa. Ban amsa masa ba."