Rezar Zvonko

A wata tsohuwar ma'ajiyar kifi da ke bakin tashar jirgin ruwa ta birnin Rijeka wata ƙungiyar makaɗa ke ɗaukar waƙoƙinta. Can Dubravka, mawaƙiyarsu, ta tarar da Zvonko mai jita a durƙushe da reza a hannu, ga guntayen zaren kaset birjik a ƙasa.

"Zauna ki sha mamaki," in ji shi, ya kunna na'ura.

Muryarta ce ta fito, amma a juye, an yayyanka ta an liƙe, an ɗora ta kan ƙarar sarƙar jirgi. Waƙar da ta yi wa mahaifinta ce bayan rasuwarsa. Sau ɗaya tak ta iya rera ta har ƙarshe ba tare da kuka ya shaƙe ta ba.

"Ina ta asalin?"

Zvonko ya nuna ƙasa.

"Ka yanka ta asalin? Ko kwafi ba ka yi ba?"

"Babu sauran kaset, Duda. Kuma mun yi alkawari duk abin da aka ɗauka a ɗakin nan namu ne gaba ɗaya."

"Har ubana ya zama naku? Kai da ko jana'izar ba ka leƙa ba, wai kana can kana ɗaukar kukan famfo a kaset!"

Ljubo makaɗin ganga ya ce, "Tsakani da Allah, ta yi daɗi fa."

"Kai kuma rufe mana baki, ɗan amshin banza!"

Ta durƙusa tana tsintar guntayen. Ba su da gaba, ba su da baya. Ta watsar da su, ta fizgi makirufo da wayarsa ta shige ɗakin ƙanƙarar da ake ajiye kifi a da, ta banko ƙofar ƙarfen.

"Danna na'urar, mahauci!" ta daka wa Zvonko tsawa daga ciki.

Zvonko ya goge kiɗan jitar da ya shafe mako guda yana ɗauka don ya samar mata wuri a kaset. Ta rera waƙar, amma babu sauran makoki a ciki, tsawa ce zalla, bangon ƙarfe na mayar mata da ita. Ljubo ya bi ta da ganga tun ba a ce masa ba.

Suka haɗa muryoyin biyu, yankakkiyar a ƙasa, sabuwar a sama, faifan ya fita a haka. Dubravka ta ci gaba da waƙa tare da su, sai dai har ƙungiyar ta watse, in tana da magana da Zvonko, Ljubo take faɗa wa, ko da Zvonkon na tsaye a gabanta.