Jan Rubutu a Kan Jar Dawa

Magagi ne ya kashe awakin Husaina, ko da yake bai taɓa su da hannunsa ba. Shi ne sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Filinge, mutum mai son a ce ya iya.

Gab da damina aka kawo irin gero mai maganin ƙwari, aka ce ya sanar a WhatsApp. Bai rubuta saƙo kamar kowa ba. Hoton jar dawa ya ɗauko, ya ɗora sunansa a sama da manyan haruffa farare, ranar rabo kuma da launin ruwan ɗorawa. Gargaɗin kuwa, cewa irin na da guba, kada mutum ko dabba su ci, ya tura shi can ƙasa da jan rubutu siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, don shi ya fi ba shi sha'awa.

Husaina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da awaki huɗu, ta iya karatun boko. A bakin rijiya ta duba salularta, rana na dukan gilashin. Ta ga sunan Magagi, ta ga ranar rabo. Ta karɓo iri, ta ga launinsa ja-ja, ta ɗauka haka Allah ya yi shi. Da ta gama shuka, sauran rabin tiya ta zuba wa awakin.

Kafin la'asar duk huɗun sun miƙe ƙafa. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance igiyoyinsu ta naɗe, ta zauna tana kallon ƙudaje.

Washegari ƙungiya ta taru a gindin gawo.

"Na rubuta, Baba," in ji Magagi. "Ga shi nan."

Tsoho Kailu, shugaban ƙungiyar, ya karɓi salular Husaina, ya kare ta da hula, ya kusanto da ita, ya nisanta.

"Sunanka kam ko makaho ya gan shi. To zo, malamin zane, karanta muna na ƙasan."

Magagi ya tsaya cikin rana yana ƙanƙance ido. Sai da ya koma inuwa ya buɗa hoton da yatsu biyu, sannan ya iya karantawa.

"Husaina, me kike so a yi?" in ji Kailu.

"Komai kuka yanke, Baba," ta ce, idonta na ƙasa.

Aka tuɓe Magagi daga sakatare, aka kama tumakinsa uku aka ɗaure a gidan Husaina.